Kuɗin Musulmi a Jami'ar Katolika: Waye Ke Ɗaukar Nauyin Binciken Addini a Amurka?

A watan Maris na 2017, makonni kaɗan bayan Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin farko na hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi bakwai shiga Amurka, wani labari ya fito daga jihar Indiyana da ya sa mutane suka riƙa maimaita karanta kanunsa. Wasu likitoci biyu Musulmi, mata da miji, Rafat da Zoreen Ansari, haifaffun Pakistan da suka shafe shekaru kusan 40 suna aiki a yankin South Bend, sun bai wa Jami'ar Notre Dame kyautar dala miliyan 15. Notre Dame kuwa ita ce jami'ar Katolika da ta fi suna a faɗin ƙasar. A ƙololuwar ƙubbarta mai ruwan zinare mutum-mutumin Maryama ne ke tsaye, kuma dokarta ta ce dole shugabanta ya kasance limamin coci.

Da wannan kuɗi aka kafa Cibiyar Ansari, wadda aikinta shi ne nazarin addinan duniya da rawar da suke takawa a harkokin jama'a, tun daga talauci da ƙaura har zuwa rikici da sulhu. Wanda ke tafiyar da ayyukanta na yau da kullum, Mahan Mirza, masanin ilimin Musulunci ne.

Wanda bai san yadda jami'o'in Amurka ke rayuwa ba zai ɗauka abin al'ajabi ne ya faru. Gaskiyar magana ita ce haka aka gina gidan tun daga tushe. Fadar Fafaroma ba ta biyan albashin malaman Notre Dame. Gwamnatin Amurka ma, bisa tsarin mulkinta, ba ta kafa addini ba ta kuma ɗaukar nauyin wa'azi, kodayake takan tallafa wa binciken tarihi da falsafa. Kuɗin makaranta da ɗalibai ke biya, duk da tsadarsa, ba ya isa ya riƙe malamin da zai yi shekara goma yana bin diddigin wani littafi na ƙarni na 12. Abin da ke riƙe irin wannan malami shi ne dukiyar da wani ya ajiye ya ce kada a taɓa uwar, a ci riba kawai. A Sakkwato da Gusau wakafi ake ce mata, a Kano hubusi.

Lissafin mai sauƙi ne. Jami'a ta karɓi kyauta ta zuba a babban asusunta, ƙwararru su juya shi a hannun jari da gidaje da kamfanoni. Duk shekara a cire kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a kashe a kan abin da mai kyautar ya ayyana, ragowar ribar ta koma cikin uwa domin kada hauhawar farashi ya cinye ta. Idan aka bi wannan ma'auni, dala miliyan 15 za ta riƙa haifar da tsakanin dala 600,000 zuwa 750,000 a kowace shekara. Ya isa a biya daraktan cibiya, a ɗauki wasu malamai, a shirya taruka, a tallafa wa ɗaliban digiri na biyu. Bayan masu kyautar sun bar duniya kuɗin zai ci gaba da zuwa, sunansu kuma yana nan a ƙofa.

Ba da wadata Notre Dame ta fara ba. A watan Nuwamba na 1842 wani matashin limami Bafaranshe, Edward Sorin na ƙungiyar Holy Cross, ya iso wurin cikin tsananin hunturu da 'yan abokan tafiyarsa, suka tarar da wata 'yar majami'a ta itace a bakin tafki. A 1879 gobara ta cinye babban ginin makarantar ƙurmus, aka sake ginawa cikin 'yan watanni. Shekaru da dama bayan haka, abin da Amurkawa suka fi sanin makarantar da shi ƙwallo ne, irin tasu ta hannu da ture-ture. Har gobe ma zanen Yesu da ke jikin ɗakin karatu, hannuwa a ɗage sama, yana leƙen filin wasa, kuma 'yan kallo sun laƙaba masa suna daga alamar da alƙalin wasa ke yi idan an ci.

Mutumin da ya juya akalar gidan shi ne Fada Theodore Hesburgh, wanda ya shugabanci jami'ar shekara 35, daga 1952 zuwa 1987. Ya tarar da asusun ajiya na kimanin dala miliyan 9, ya bar shi a kan miliyan 350. Yau asusun ya haura dala biliyan 16, yana cikin mafiya girma a Amurka.

Hesburgh ya fahimci cewa attajirai da manyan gidauniyoyi ba za su zuba dukiya a makarantar da bishop zai iya rufe bakin malamanta da wasiƙa ɗaya ba. A 1967 ya yi abubuwa biyu. Ya miƙa mallakar jami'ar daga hannun ƙungiyar limamansa zuwa wata majalisa mai mutum 12, shida limamai, shida 'yan coci na gari. Sannan a watan Yuli ya tara shugabannin wasu jami'o'in Katolika a wani wuri mai suna Land O'Lakes a jihar Wisconsin, suka fitar da sanarwar cewa jami'ar Katolika ta zamani tana buƙatar cin gashin kanta da 'yancin bincike daga kowace irin hukuma, ta coci ko ta waje. Masu yabon takardar na cewa ita ta mayar da ƙananan makarantun limamai jami'o'in da duniya ke damawa da su. Masu suka na cewa ranar aka sayar da gado.

Fafaroma John Paul na Biyu ya mayar da martani a 1990 da wata doka mai suna Ex Corde Ecclesiae, wato daga zuciyar coci. Ta amince da 'yancin bincike, amma ta ce jami'ar da ke amsa sunan Katolika sai ta nuna hakan a aikace, kuma ɗan Katolikan da ke koyar da tauhidi ya nemi sahalewar bishop na yankinsa. Tsakanin waɗannan takardu biyu ake ta ja-in-ja har yau, kuma duk kyautar da ta shigo takan faɗo ne a ɗaya daga cikin ɓangarorin.

Dubi jerin cibiyoyin Notre Dame, za ka karanta tarihin masu kyauta da abin da ke ransu. A 1985 Joan Kroc, matar marigayi Ray Kroc wanda ya bunƙasa kamfanin McDonald's, ta saurari Hesburgh yana jawabi a San Diego kan haɗarin makaman nukiliya. Ta ba da dala miliyan 6, a 1986 aka buɗe Cibiyar Kroc ta nazarin zaman lafiya. Da ta rasu a 2003 ta bar mata wasiyyar miliyan 50. Ribar burodi da nama ce, in ka bi salsala, ta kai ga cibiyar da yarjejeniyar sulhun Kolambiya ta 2016 ta ɗora wa alhakin sa ido kan ko gwamnati da 'yan tawayen FARC suna cika alkawari.

A ɗaya gefen harabar akwai Cibiyar Ɗa'a da Al'adu wadda masanin falsafa David Solomon ya kafa a 1999. A 2019 Anthony da Christie de Nicola suka ba ta dala miliyan 10, ta koma amsa sunansu. Nan ne matattarar masu riƙo da tsohuwar koyarwar coci kan darajar rai, aure da iyali, kuma kowace shekara tana ba da lambar yabo ga masu fafutukar hana zubar da ciki. Taronta na kaka yana tara ɗaruruwan masana. Shahararren masanin falsafar ɗabi'a Alasdair MacIntyre, wanda ya rasu a 2025, ya yi shekarunsa na ƙarshe yana gabatar da maƙaloli a wurin. Sai Cibiyar McGrath, wadda ta samu miliyan 15 a 2016, aikinta horar da masu hidimar coci da malaman makarantu.

Duk rufi ɗaya suke, amma ba bakinsu ɗaya ba. Wanda ya halarci taron Kroc da safe ya leƙa na de Nicola da yamma zai rantse jami'o'i biyu ya ziyarta.

Wannan ba sabon abu ba ne ga wanda ya san tarihin makarantun Musulunci. Lokacin da waziri Nizamul Mulki ya kafa makarantar Nizamiyya a Bagadaza a ƙarni na 11, inda Imam Gazali ya fara koyarwa a 1091, takardar wakafinta ta tanadi cewa malamanta 'yan mazhabar Shafi'iyya ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da cewa sharaɗin mai wakafi abin kiyayewa ne matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Masanin tarihi George Makdisi, a littafinsa na 1981 kan asalin kwalejoji, ya yi dogon bayani kan kamannin da ke tsakanin wakafin Musulmi da kwalejojin farko na Turai. Mai dukiya ya zaɓi fannin da zai raya, kuma da wannan zaɓi kaɗai ya riga ya yi tasiri, ko da bai sake buɗe baki ba.

A nan ne maganar take da nauyi. Jami'o'in Amurka na alfahari da cewa mai kyauta ba ya zaɓar malami, ba ya duba sakamakon bincike kafin a buga. A mafi yawan lokuta haka ne. To amma Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin ba lallai ya zama umarni a rubuce ba. Daraktan da ke fatan kyauta ta biyu ya san abin da zai ɓata ran wanda ya ba da ta farko.

An ga yadda igiyar ke tsinkewa a 2009. Shugaban jami'ar na lokacin, Fada John Jenkins, ya gayyaci Barack Obama ya yi jawabin yaye ɗalibai tare da karɓar digirin girmamawa. Obama na goyon bayan 'yancin zubar da ciki, abin da coci ke ɗauka kisan kai. Bishop-bishop fiye da 80 suka fito suka yi tir. Bishop na yankin, John D'Arcy, ya ƙaurace wa bikin. Farfesa Mary Ann Glendon ta Jami'ar Harvard, tsohuwar jakadiyar Amurka a Batikan, ta ƙi karɓar babbar lambar yabon jami'ar da aka shirya ba ta a ranar. Wasu tsofaffin ɗalibai suka shelanta cewa sun rufe aljihunsu. Jenkins bai janye gayyatar ba, Obama ya zo ya yi jawabinsa, kuma Jenkins ya ci gaba da mulki har 2024. Babu bishop ɗin da ke da ikon tsige shi. Tsarin 1967 ne ya yi aikinsa.

Kwatanta da Jami'ar Katolika ta Amurka da ke birnin Washington, wadda bishop-bishop ɗin ƙasar suka kafa a 1887, kuma har yanzu ake yi mata karo-karo a majami'u sau ɗaya a shekara. A can, da Batikan ta yanke hukunci a 1986 cewa Fada Charles Curran bai cancanci koyar da tauhidin Katolika ba saboda ra'ayoyinsa kan hana ɗaukar ciki da saki, kujerarsa ta tafi, kotu ma ba ta dawo masa da ita ba. A wannan jami'a ce kuma rigima ta ɓarke a 2013, lokacin da gidauniyar attajiri Charles Koch ta ba makarantar kasuwancinta dala miliyan 1. Malaman Katolika 50 daga jami'o'i daban-daban suka rubuta wasiƙa suna cewa aƙidar Koch ta sakar wa kasuwa mara da yaƙar ƙungiyoyin ƙwadago ta saɓa da koyarwar coci kan haƙƙin ma'aikaci. Jami'ar ta ƙi mayar da kuɗin. Bayan shekara uku ta karɓi wasu miliyan 10 daga gidauniyar.

Kuɗin Musulmi ma bai tsira daga zargi ba. Jami'ar Georgetown ta limaman Jesuit, wadda ta fi kowace jami'ar Katolika tsufa a Amurka, ta buɗe cibiyar fahimtar juna tsakanin Musulmi da Kirista a 1993 ƙarƙashin Farfesa John Esposito, da tallafin wani ɗan kasuwa Bafalasɗine Kirista, Hasib Sabbagh. A Disamban 2005 Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya ya ba ta dala miliyan 20. A 2008 ɗan majalisar wakilai Frank Wolf ya aika wa shugaban jami'ar wasiƙa yana tambayar ko cibiyar ta taɓa sukar Saudiyya kan 'yancin addini da haƙƙin ɗan Adam. Jami'ar ta amsa cewa babu mai sa mata baki. Tambayar Wolf tana da ƙamshin siyasa, amma tambaya ce da ta dace, kuma daidai take da wadda aka yi wa kuɗin Koch. Abin lura shi ne da wuya ka samu mutum ɗaya da ya yi duka biyun. Kowa kuɗin abokin hamayyarsa yake shinshina.

Akwai wani aiki a Notre Dame da ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya shafi almajirai. Farfesa Ebrahim Moosa, haifaffen Afirka ta Kudu, ya yi karatun zaure na gaske a Indiya, a Deoband da kuma Nadwatul Ulama ta Lucknow, kafin ya shiga jami'o'in Yamma. Ya koma Notre Dame daga Jami'ar Duke a 2014. Da tallafin Gidauniyar John Templeton, wadda wani attajirin hannun jari Kirista ya kafa a 1987 don nazarin alaƙar kimiyya da addini, Moosa ya ƙaddamar da shirin da ya riƙa tara matasan malamai da suka sauke karatu a madarasun Indiya da Pakistan. Sun riƙa haɗuwa ta intanet duk mako, su karanta Gazali da ilimin kalam, su haɗa da tarihin kimiyya, ka'idar juyin halitta da falsafar zamani. Tunda samun bizar juna tsakanin ƙasashen biyu aiki ne ja, sai a kai su Nepal ko Katar su zauna ido da ido.

Ka duba sarƙar: dukiyar Kirista ɗan Furotesta, ta bi ta jami'ar Katolika, ta isa hannun malami Musulmi, ta ƙare a gaban almajirin Deoband. Duk wanda ya ce ruwa ba ya tsami banza yana da hujjar tambaya. Amsar da za a iya ba shi ita ce manhajar a buɗe take, malaman da suka jagoranci karatun a ƙasashen biyu 'yan madarasa ne, kuma babu wanda aka nema ya bar aƙidarsa. Abin da ba za a iya musawa ba shi ne Templeton ce ta ga kimiyya da addini a matsayin matsalar da ta fi cancantar kuɗi. Da wata gidauniya ce, wataƙila da maganar abincin ɗalibai ko aikin yi bayan sauka aka sa a gaba.

Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan harabar. Fada Paulinus Odozor, ɗan Najeriya, ya daɗe yana koyar da tauhidin ɗabi'a a can, haka ma Fada Emmanuel Katongole ɗan Uganda da ke rubutu kan tashin hankali da sulhu. Shugaban jami'ar na yanzu, Fada Robert Dowd, wanda ya hau a 2024, masanin kimiyyar siyasa ne, kuma littafinsa na 2015 kan Kiristanci da Musulunci da dimokuraɗiyya ya ginu ne a kan binciken da ya yi a Najeriya, Senegal da Uganda. Ya hau a lokacin da iska ta sauya. A watan Afrilu na 2025 gwamnatin Trump ta soke ɗaruruwan tallafin hukumar ƙasa mai ɗaukar nauyin binciken tarihi, harsuna da falsafa. A watan Yuli kuma majalisa ta ƙara harajin da ake ɗora wa ribar asusun jami'o'i masu arziki, daga kashi 1.4 zuwa kashi 4 ko 8 gwargwadon ƙarfin asusu. An so a keɓe makarantun addini, amma wannan sashe bai tsallake majalisar dattawa ba. Duk abin da gwamnati ta janye, hannun masu kyauta ne ke ƙara tsawo.

Misalin da ya fi kusa da mai karatun Hausa yana can arewa, a jihar Minnesota mai tsananin sanyi, a Jami'ar Saint John's ta sufayen Benedict. A 1965, cikin fargabar yaƙin nukiliya da tunawa da ɗakunan karatun da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙone, sufayen suka fara ɗaukar hoton tsofaffin littattafan hannu a gidajen ibadar Ostiriya. Daga nan suka shiga Habasha a shekarun 1970, sai Gabas ta Tsakiya. Ana kiran wurin Ɗakin Adana Littattafan Hannu na Hill, kuma tun 2003 Fada Columba Stewart ke jagorantarsa.

A 2012 'yan bindiga suka mamaye Timbuktu. Abdulƙadir Haidara da sauran waɗanda suka gaji ɗakunan karatun garin suka riƙa cusa littattafai cikin akwatunan ƙarfe, ana fitar da su a ɓoye a motoci da kwale-kwale ta Kogin Kwara zuwa Bamako. A Janairun 2013, kafin su gudu, maharan suka cinna wa wasu dubban littattafai wuta a Cibiyar Ahmad Baba. Waɗanda suka tsira kuma suka faɗa wani haɗarin, domin takardar da ta saba da busasshiyar iskar sahara ba ta jure raɓar Bamako.

A wannan shekarar sufayen Minnesota suka ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar Haidara. Ba su ɗauki ko warƙa ɗaya zuwa Amurka ba. Sun kawo kyamarori da fitilu da kwamfutoci, an horar da matasan Mali, su ne ke zama a gaban tebur suna buɗe shafi, su daidaita shi, su ɗauka, su juya na gaba, shekara da shekaru. Littattafan na hannun masu su. Babban kaso na kuɗin ya fito daga Asusun Arcadia na Landan, wanda Lisbet Rausing, jikar gidan da ya ƙirƙiro kwalin madara na Tetra Pak, ta kafa da mijinta Peter Baldwin. Sharaɗin Arcadia a kan duk aikin da ta ɗauki nauyi shi ne a sa shi a intanet kyauta.

An ɗauki hoton littattafai da takardu fiye da 200,000: Alƙur'anai, fiƙihun Malikiyya, nahawu, ilimin taurari, wasiƙun fatake, rubutun ajami, har da rubuce-rubucen malaman Sakkwato da suka bi ayari suka isa Timbuktu. Ana ci gaba da tantance su ana sakawa a ɗakin karatun cibiyar na intanet. Ɗalibin da ke Kano ko Damagaram zai iya yin rajista da wayarsa ya buɗe su, ba tare da biyan ko sisi ba.